Firetsal na kabewa: wa ya taɓa gwada shi da kanwa?

Maman Afnan (Filadelfiya):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kaka ta kankama a nan Amurka, ganyen itatuwa ya fara ja, da asuba sai da rigar sanyi, kuma duk kantin da ka shiga kabewa ce jibge a bakin ƙofa. Hoton burodin nan mai ƙulli da na sa jiya, firetsal, ya jawo min tambayoyi ta bayan fage har na ce gara in zube komai a nan kowa ya ɗiba.

Fulawa giram 500, niƙaƙƙiyar kabewa giram 200, ruwan ɗumi mililita 110, yis giram 7, suga babban cokali biyu, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, bota giram 40. Kirfa da citta rabin ƙaramin cokali kowanne, kanumfari ɗan mitsitsi.

Kwaɓin mai tauri ake so, ya fi na burodi ƙarfi. A murza shi minti 10 har ya yi sulɓi, a rufe ya tashi kamar awa ɗaya, a raba takwas. Kowanne a mulmula shi ya zama igiya mai tsawon santimita 55 zuwa 60, tsakiya da kauri, bakunan sirara. A lanƙwaso shi, a harɗe bakunan sau biyu, a dawo da su a manna a jikin mai kaurin. Sai wanka: ruwa lita ɗaya da rabi a kan wuta, bekin soda giram 80, in ya tafasa a tsoma kowanne daƙiƙa 30 a tsame. Oben digiri 220, minti 12 zuwa 14. Mai son gishiri ya barbaɗa kafin gashi, mai son zaƙi ya jira ya fito ya shafa bota ya barbaɗa suga da kirfa.

Anti Mai Kek (Kaduna):
Wa alaikumus salam. Masha Allah, ya yi kyau a ido. Amma Maman Afnan wannan wankan fa? Ni ban ga amfanin tafasa burodi ba kafin a gasa. In launi ake nema ai ruwan ƙwai ya wadatar, shi nake shafa wa nawa su fito jawur.

Maman Afnan (Filadelfiya):
Anti in kin tsallake wankan to burodin kabewa kika yi mai ƙulli, kuma zai yi daɗi, amma ba firetsal ba ne. Fatar nan mai sheƙi da ɗan ɗanɗanon da ke kama harshe duk daga wankan suke. Ƙwai launi kawai yake bayarwa.

Gwaggo Ta Gabas (Maiduguri):
Ikon Allah. Kabewar da muke yi wa taushe da yakuwa da gyaɗa ita ce yau aka sa wa suga da kirfa. Ku dai 'ya'yan nan in kun je Turai sai kun dawo mana da abin mamaki.

Ummu Sudais (Kolombos):
Gwaggo ai ita kabewar daga nahiyar Amurka ta zo mana. Asalinta Meksiko ne, an samu 'ya'yanta a wani kogo a yankin Oaxaca da suka kai shekara kusan 10,000. Sai bayan 1492 ta tsallako teku. Ita da barkono da tumatir da gyaɗa duk 'yan nahiya ɗaya ne, wato rabin tukunyar taushenki baƙi ne.

Gwaggo Ta Gabas (Maiduguri):
To baƙon da ya shekara ɗari biyar ai ya zama ɗan gari. Ki bar ni da taushena.

Malamin Kimiyya (Zariya):
Salamu alaikum. Anti Mai Kek, ki ba ni dama in tsoma baki a kan wankan, don shi ne gaba ɗayan maganar. Jan da burodi ke yi a wuta haɗuwa ce tsakanin suga da furotin ɗin fulawa, wani Bafaranshe Louis-Camille Maillard ne ya fara bayaninta a 1912. Wannan haɗuwar tana sauri sosai idan wurin yana da kaifi irin na kanwa, tana kuma jinkiri idan akwai tsami. To in kika tsoma kwaɓi a ruwa mai kaifi, sitacin da ke bayansa zai dahu ya zama siririyar fata, fatar kuma ta ɗauki kaifin. Shi ya sa cikin minti 12 bayan zai yi ja mai duhu alhali cikin yana nan da laushi. Ba don haka ba sai kin daɗe kina gashi kafin ki samu launin, kafin nan cikin ya bushe.

Akwai ma'aunin tsami da kaifi daga 0 zuwa 14, ruwa yana 7. Bekin soda wajen 8 yake, shi ne mafi rauni. Tafasa shi na ɗan ƙara masa ƙarfi, dalilin da ya sa Maman Afnan ta ce a kan wuta. Sodar da Jamusawa ke amfani da ita ta wuce 13. Kuma kowane taki ɗaya a ma'aunin nan ninki goma ne, ku lissafa tazarar.

'Yar Damagaram:
Malam ka ce kaifi irin na kanwa. To me zai hana a sa kanwar kanta? Mu nan bekin soda sai an je babban kanti, kanwa kuwa ko yaro ka aika bakin titi zai kawo. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Baban Yusra (Situtgat):
Ina ta karatu ina shiru, amma yanzu dole in yi magana. Na yi aiki a gidan burodi a nan Jamus, ƙarfe uku na dare muke fara kwaɓi. Da girmamawa Hajiya Maman Afnan, abin da kika gasa ɗan Amurka ne. In kika miƙa wa tsohon Bajamushe firetsal da kirfa da suga zai karɓa don kunya, amma ba zai kira shi da sunan ba.

Nan soda ce ta gaske, mai ƙarfin, wadda aka tace don abinci, lambarta E524. Kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari a ruwan sanyi, ba a tafasawa. Daƙiƙa kaɗan ake tsomawa, da safar hannu da tabarau. A cikin oben zafi da iskar da ke fita daga kwaɓin suna kashe kaifinta, shi ya sa ake ci lafiya. Kuma ko a Jamus iri biyu ne ake gardama a kansu. Namu na yankin Suwabiya hannayensa sirara ne masu ƙaras-ƙaras, cikinsa ƙato, ana tsaga shi da wuƙa kafin gashi, kuma kwaɓin ya fi mai. Na Babariya hannayensa masu kauri ne, ba a tsagawa, da kansa yake fashewa. Tun 2014 Tarayyar Turai ta ba na Babariya kariyar suna, ba wanda zai gasa a wani wuri ya sayar da sunan nasu. Gishiri mai manyan ƙwayoyi a kai, a tsaga a shafa bota, shi ke nan.

Maman Afnan (Filadelfiya):
Baban Yusra ai ban ce na Jamus na yi ba. Kuma kada ka raina namu, Jamusawan ne suka kawo shi da kansu. Tun 1683 suka fara sauka a nan, unguwar Germantown tana cikin garin nan har yau. A 1861 Julius Sturgis ya buɗe gidan gasa firetsal a Lititz, yana nan ana zuwa kallo. Shagon firetsal na Auntie Anne's da ake gani a filayen jirgi a wata kasuwar manoma ta Downingtown ya fara a 1988, duk a jihar Fensilbaniya. Na Filadelfiya ma daban yake, dogo ne an matse shi, ana gasa su manne da juna a jere, mutane su ɓalla su shafa mastad su karya kumallo. Abin da ya yi shekaru haka a wuri ai yana da ikon ya canza riga.

Baban Yusra (Situtgat):
Ya canza riga na yarda. Ya sha turare ne ban yarda ba.

Sista Nas (Kano):
Don Allah ku tsaya. Baban Yusra ka ambaci soda, kuma na san gobe wata za ta aika kasuwa a sayo mata sodar sabulu ta ce ai ita ce. KADA WANDA YA GWADA. Ta sabulu ba a tace ta don ci ba. Ban da haka, mu da ke asibiti mun san abin da take yi. A jiƙa ta a robar ruwa a ajiye a tsakar gida, yaro ya zo da ƙishi ya ɗauka ruwa ne. Maƙogwaro yake ƙonewa ya tsuke, yaro ya koma ko kunu ba ya wucewa, a yi ta aiki wata da watanni. Saboda burodi? Gidan da ke da yara ko ta abincin ban goyi baya ba.

Baban Yusra (Situtgat):
Gaskiyarki Sista, ban ce a yi a gida ba. Mu a wurin aiki a kulle take, kuma sai an koya maka kafin ka taɓa.

Uwar Zaure:
Na maƙale saƙon Sista a sama. Duk wanda ya sa hoton sodar sabulu a zauren nan da sunan girki zan goge.

Malamin Kimiyya (Zariya):
Akwai hanya tsakanin biyun, ba haɗari. Ki baza bekin soda a faranti ki sa a oben digiri 120 zuwa 150 na awa ɗaya. Ruwa da iska za su fita, nauyinsa zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya koma wani gishirin daban mai kaifi wajen 11. Marubucin kimiyyar girki Harold McGee ne ya yaɗa dabarar a jaridar New York Times a 2010. A ajiye a kwalba mai murfi don yana shan danshi, kuma yana ɗan cin hannu, a yi amfani da cokali.

Yanzu tambayar 'Yar Damagaram, wadda ita ce ta fi burge ni. Kanwa a asalinta gauraye ce ta waɗannan biyun, bekin soda da gasasshensa, Allah Ya haɗa su a ƙasa inda tafki ya ƙafe. Kaifinta wajen 10 ne, ta fi bekin soda. Irin wannan dutsen ake haƙowa a Green River ta jihar Wayomin da tafkin Magadi na Kenya, a gasa a masana'anta a fitar da soda. Taliyar ramen ta Japan ma da ruwa mai irin wannan kaifin ake kwaɓa ta, shi ke ba ta launin ɗorawa da danƙo. Don haka a ilimance babu abin da zai hana kanwa aiki.

Matsalar ɗaya ce: ba ta da ma'auni. Dunƙulen yau ba shi ne na gobe ba. Wani rabinsa yashi ne, wani gishiri ya yi masa yawa. Ba zan iya ce miki giram kaza ba in tabbatar.

Gwaggo Ta Gabas (Maiduguri):
Yanzu kuka zo wurina. Malam, kai ne ba ka da ma'auni, mu muna da shi, a harshe yake. Ungurnu za ta nema, fara tas mai nauyi, ba jar kanwa ba, ja za ta ɓata launi ta kawo ƙasa-ƙasa a baki. Ta daka ta jiƙa tun dare. Da safe ta tsiyaye ruwan sama a hankali ta bar laka a ƙasa, ta tace da ƙyalle mai tsabta. Ta ɗiga a yatsa ta murza, in ya yi santsi ya kai. Haka muke yi wa ɗanwake da waina tun kafin a haifi mai jaridar nan taka.

Anti Mai Kek (Kaduna):
Gwaggo ta ƙi kabewa da suga amma ga ta tana ba da lacca.

Gwaggo Ta Gabas (Maiduguri):
Ban ce zan ci ba. Na ce kada a ɓata kanwa.

Sista Nas (Kano):
Ni kanwar ma ina da 'yar magana a kanta. Tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi bincike a Zariya kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi. Gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki. Mai hawan jini ta sani.

Malamin Kimiyya (Zariya):
Haka ne Sista, amma kunu shan kanwar ake yi kofi-kofi kullum har arba'in. Nan tsomawa ce ta daƙiƙa 30, ruwan kuma zubarwa za a yi. Abin da ya rage a fata kaɗan ne. Gishirin da ake barbaɗawa a kai ya fi shi yawa nesa ba kusa ba, mai hawan jini shi za ta bari.

Baban Yusra (Situtgat):
Abu ɗaya da ba wanda ya faɗa, kuma ya shafi gida fiye da nan: tukunya. Ruwa mai kaifi yana cin dalma, wato alminiyam. Hukumar tantance haɗarin abinci ta Jamus ta sha gargaɗin masu burodi kan gasa firetsal kai tsaye a farantin alminiyam, saboda ƙarfen yana shiga cikin burodin. To tukwanenmu na gida yawanci na dalma ne. A nemi ta sitil ko mai fenti a ciki wadda ba ta ɓantare ba. Farantin gashi kuma a shimfiɗa takardar gashi a shafa mata mai, in ba haka ba zai manne sai dai a ci da takardar.

'Yar Damagaram:
Shi ya sa ke nan tukunyar ɗanwakenmu ta yi baƙi a ciki. Na gode Baban Yusra. Ina da ta sitil ƙarama, bibbiyu zan dinga tsomawa.

Ummu Sudais (Kolombos):
Ku bar ni in dawo da mu kan kabewar, don an bar ta a baya. Maman Afnan, ta gwangwani kika sa ko ɗanya? Na tambaya ne saboda 'yan gida ba su da ta gwangwani, kuma giram 200 na wannan ba ɗaya ba ne da giram 200 na waccan.

Maman Afnan (Filadelfiya):
Ta gwangwani ce, Libby's, mai giram 425, rabi na ɗiba. A duba da kyau, akwai wadda aka riga aka sa wa suga da kayan ƙamshi don yin fai, wani kayan zaƙinsu da ake gasawa, ba ita ba, zallar ake so.

Ummu Sudais (Kolombos):
To kin gani. Ita wannan a garin Morton na jihar Ilinoyi ake yin ta, da wani iri da ake kira Dickinson, doguwa ce mai fatar ƙasa-ƙasa, ba ruwanta da jajayen nan masu kyau da ake jerawa a ƙofar gida. Waɗancan na ado ne da sassaƙa, cikinsu ruwa da zare, ba ɗanɗano. Sabbin zuwa da yawa su suke saya don arha su yi miya su ce kabewar Amurka ba ta da daɗi. In za ki yi da ɗanya a nan ki nemi butternut, a Jamus kuma Hokkaido, ko ba haka ba Baban Yusra?

'Yan gida kuwa kun fi mu sa'a, yanzu ne lokacinta. Ki zaɓi mai gari, mai nauyi a hannu, cikinta ja sosai. Kada ki dafa a ruwa. Kabewa da ma kusan kashi 90 cikin ɗari ruwa ce, in kin ƙara mata wani kwaɓin zai saki ya ƙi mulmuluwa. Ki raba biyu ki kwashe 'ya'yan ki kifa a faranti ki gasa minti 40 zuwa 45, ko ki turara a madambaci. Ki kankare, ki niƙa, sannan ki zuba a kasko ba mai, ki yi ta juyawa a wuta kaɗan har cokali ya tsaya a ciki. Nan ne zaƙinta ke fitowa. Ruwan kwaɓi kuma kada ki juye duka, kaɗan-kaɗan har ki ga ya haɗe.

Baban Yusra (Situtgat):
Hokkaido ɗin dai, ita ko ferewa ba a yi. Kuma kada a zubar da 'ya'yan. Nan ana barbaɗa ɓararrun 'ya'yan kabewa a kan burodin soda, wannan kam na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Anti Mai Kek (Kaduna):
Ni fa ina da shakka a nan. Na sha sa kabewa a kek, kuma gaskiya ba a jin ta. Launi take bayarwa da laushi. Abin da mutane ke cewa ɗanɗanon kabewa kirfa ce da citta da kanumfari da gyaɗar ƙamshi. A cire su a ba mutum ido rufe, ba zai ce da kabewa a ciki ba.

Maman Afnan (Filadelfiya):
Anti ban musa ba gaba ɗaya. Shaida ma ga ta: Starbucks sun fito da kofinsu na kabewa a 2003, ya zama shi ne alamar shigowar kaka a ƙasar nan, amma sai 2015 suka fara sa kabewar gaske a ciki. Shekara 12 mutane na layi suna shan kayan ƙamshi. Haɗin ƙamshin kansa kamfanin McCormick ke sayar da shi tun 1934. Amma a firetsal aikin kabewa daban ne. Na gargajiya in ya kwana ya zama dutse, da ma na ranar ne. Mai kabewa yana kaiwa gobe da laushinsa, saboda tana riƙe danshi. Kuma in kika soya ta a kasko yadda Ummu Sudais ta ce, wallahi ana jin ta, wani zaƙi-zaƙi can ƙasa.

Anti Mai Kek (Kaduna):
To ni zan ninka kayan ƙamshin a cikin kwaɓin, rabin cokali ai wasa ne.

Malamin Kimiyya (Zariya):
A'a Anti, kirfa da kanumfari suna danne yis, in sun yi yawa kwaɓin zai yi nauyin tashi. Ki bar na ciki yadda ta faɗa, ki huce haushinki a na barbaɗawa.

Hajiya Ƙarama (Katsina):
Ku yi haƙuri in kawo wata magana, ba don ɓata wa kowa ba. Na ji an ce siffar nan ta firetsal hannun mai addu'ar coci ce a harɗe a ƙirji, ramuka ukun kuma aƙidarsu ce. In haka ne ya halatta mu dinga ƙulla shi a gidajenmu? Ga kuma kabewar nan da suke sassaƙa wa fuska a ƙarshen Oktoba.

Ummu Sudais (Kolombos):
Hajiya labarin yana yawo, wai wani malamin coci ne ya ƙirƙira a shekara ta 610 yana ba yaran da suka haddace addu'a. Masana tarihi ba su samu wata takarda ta zamanin da ta tabbatar ba, labari ne da aka riƙa faɗa daga baya. Abin da aka tabbatar shi ne akwai zanensa a wani littafi na ƙarni na 12 daga yankin Alsas, kuma masu burodi a Jamus sun mai da shi tambarin sana'arsu tun da daɗewa. An kuma san ana cin sa lokacin azumin Kiristoci saboda ba ƙwai ba madara a na asali. Bikin sassaƙa kabewa kuwa harkarsa daban, ba abin da ya haɗa shi da girki.

Baban Yusra (Situtgat):
Hajiya fatawa ta malamai ce, ni ba zan shiga ba. Abin da na gani da idona shi ne yau tambarin gidan burodi ne kawai, Turkawa da Larabawa na gasawa suna sayarwa. Wanda ya kamata mai zuwa nan ya kula da shi yana cikin kwaɓin: wasu gidajen burodi na gargajiya, musamman a yankinmu, da kitsen alade suke kwaɓawa. Ka tambaya kafin ka saya, za su faɗa maka gaskiya, ba sa ɓoyewa. Wannan ma babban dalili ne na koyon yi a gida.

Maman Afnan (Filadelfiya):
Kuma Hajiya in zuciyarki ba ta kwanta ba, ba dole sai ƙullin ba. Ki mulmula igiyar ki yayyanka gutsi-gutsi kamar tsawon ɗan yatsa, ki yi musu wankan ki gasa minti 9 zuwa 10. Yara ma sun fi son haka, kuma ya fi sauƙi ga mai fara koyo.

Hajiya Ƙarama (Katsina):
Na gode, hakan zan yi. Zan kuma tambayi malaminmu na Islamiyya don in samu natsuwa.

Uwar Zaure:
Madalla. A tsaya nan kan wannan, kada a mai da mana zaure wurin fatawa.

Amaryar Bana (Gusau):
Anti-antina ni ba ni da oben. Tukunya da yashi zai yi?

Anti Mai Kek (Kaduna):
Zai yi ƙanwata, amma ba irin wutar kek ba. Wannan zafi yake so mai ƙarfi na ɗan lokaci. Ki bar tukunyar ta yi zafi sosai minti 20 kafin ki sa, ki ɗora garwashi a kan murfin don sama ta yi ja. Ƙananan yanka za ki yi, manya ba za su gasu daidai ba. Kuma da zafin garinku kada ki jira awa ɗaya, ki duba tun minti 35, in ya kusa ninkawa ya isa. In ya wuce tashi zai yi laushi ya warware a ruwan wanka.

Baban Yusra (Situtgat):
Ƙarin dabara: bayan an ƙulla, a bar su a buɗe ba rufi minti 20 zuwa 30, mu a firij muke sawa. Bayan ya ɗan bushe ya yi fata, sai ya riƙe siffarsa a ruwa kuma ya fi sheƙi. Ku da iskar hunturu ta kusa, kyauta za ta yi muku aikin.

'Yar Damagaram:
Jama'a na dawo da labari, ga hotuna. Kwaɓi ɗaya na raba biyu, huɗu a ruwan bekin soda, huɗu a ruwan ungurnu yadda Gwaggo ta ce, dunƙule kamar girman ƙwai a lita ɗaya, aka kwana a jiƙe. Na hagu su ne na kanwa. Ku duba da kanku, sun fi duhu sun fi sheƙi, fatar kuma ta fi kama haƙori. Amma biyun da na bari suka kai minti ɗaya a ruwan sun yi ɗan ɗaci a bayan harshe. Masu daƙiƙa 20 lafiya lau. Man shanu na shafa maimakon bota, na barbaɗa riɗi a kan biyu. Maigida ya cinye masu riɗin kafin in ɗauki hoton kusa.

Maman Afnan (Filadelfiya):
Kai! Naki sun fi nawa launi wallahi. Ummu Sudais, shagon 'yan Afirka na wajenku suna da ungurnu? Namu wata dunƙulalliya suke kawowa mai toka-toka.

Ummu Sudais (Kolombos):
Irin ta ce a nan ma. Sai dai in mai zuwa daga gida.

Malamin Kimiyya (Zariya):
'Yar Damagaram kin yi abin da ya kamata, kwaɓi ɗaya wuta ɗaya, abu ɗaya kawai kika canza. Ɗacin alamar ruwan ya yi ƙarfi ne, ki rage lokaci ko ki ƙara ruwa. In kina da sikeli ki auna dunƙulen nan gaba kafin ki jiƙa, ki kuma busar da lakar da ta rage ki auna, sai mu san nawa ne ya narke.

Gwaggo Ta Gabas (Maiduguri):
Malam zai sa yarinya auna laka. Ke dai in ya yi ɗaci ki tsoma a ruwan sanyi sau ɗaya bayan wankan, ya wuce.

Baban Yusra (Situtgat):
Na ƙara girman hoton na duba. Launin ya kusa da namu fiye da yadda na zata. Hannayen sun yi kauri, ki ƙara sirantar da bakunan. Kirfa da suga dai har yanzu ina kan bakana.

Amaryar Bana (Gusau):
In sun rage a leda zan ɗaure?

Maman Afnan (Filadelfiya):
Masu gishiri kada ki sa a leda, gishirin zai jawo danshi ya narke, fatar ta yi tabo ta jiƙe. Ki nannaɗe a ƙyalle ko takarda. Gobe ki yayyafa musu ruwa kaɗan ki mayar tukunya mai zafi minti 4 ko 5. Masu suga kuwa kada ki barbaɗa sai waɗanda za a ci a lokacin.